Ku Tambayi Mama: "Ai Gaskiya Na Faɗa"

Gaisuwa daga Gadarif cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wasiƙu uku na ɗauka a wannan wata, dukansu daga nan Sudan, dukansu kuma a kan baki ne. Kamar kullum na cire sunaye, na taƙaita. Ta farkon za ta ci mana wuri, domin ran mutum ne a cikinta.

Daga wata 'yar'uwa a Gadarif

*Mama, ina gaisuwa. Ni 'yar Najeriya ce, Kirista, aure ya kai ni Wad Madani. Da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga a Disambar 2023 muka gudo nan, muka sauka a wata makaranta tare da iyalai da yawa, galibinsu Hausawan ƙasar nan. Kafin mu fito na ga ɗan maƙwabciyarmu da idona yana kora karonsa, wato amalanken jaki, cike da kayan gidajen mutane, masu bindiga na biye da shi. Bayan watanni shi da uwarsa suka iso. Wata rana muna layin ruwa ana hirar waɗanda suka yi wa 'yan bindiga aiki, sai na ce, "Ai har ɗan wance na gani da idona." Ba a yi mako ba aka zo aka tafi da shi. Ya dawo a rame, yana ɗingishi. Daga baya na ji cewa bindiga aka ɗora masa a ka, a ƙarshe ma aka ƙwace jakin. Yanzu ya samu aron karo yana tallan ruwa, ba mai saye. Uwarsa ba ta amsa gaisuwata. Na yi azumi, na roƙi gafarar Allah. Maigidana ya ce in yi shiru, tunda ban yi ƙarya ba, kuma mu baƙi ne a nan. To me ya sa ba na iya barci?*

'Yata, barci ya ƙi domin aikin bai ƙare ba. Allah ya ji tubanki, wannan ba na shakka, alkawarinsa ne a 1 Yohanna 1:9. Amma yaron nan har yanzu yana zaga unguwa da ganga cike, maganarki kuma tana riga shi isa kowace ƙofa.

Mu fara da "ban yi ƙarya ba", tunda nan ne yawancinmu muke fakewa. Ki buɗe 1 Sama'ila sura 21 da 22. Dawuda yana gudun Saul, ya biya ta Nob da yunwa, ya ce wa Ahimelek firist sarki ne ya aike shi da saƙon asiri. Firist ya yarda, ya ba shi keɓaɓɓiyar gurasa da takobin Goliyat. Ran nan akwai wani Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul, a wurin, ya ga komai. Daga baya Saul na zaune a gindin itace a Gibeya, mashi a hannu, yana ƙorafi wai ba mai tausayinsa, ba mai gaya masa abin da ake ƙullawa. Sai Doyeg ya buɗe baki ya ce ya ga ɗan Yesse a Nob, an ba shi guzuri, an ba shi takobi. Gurasa kuwa an bayar, takobi an bayar. Abin da bai shiga labarin ba shi ne Ahimelek bai san Dawuda a guje yake ba. A ranar aka kashe firistoci 85, aka bi garin Nob da takobi har jarirai da dabbobi. Zabura 52, wadda ke ɗauke da sunan Doyeg a kanta, ta kwatanta harshen irin wannan mutum da aska mai kaifi, ta kira shi harshen yaudara.

Ban ce ke Doyeg ce ba. Shi neman fada yake, kuma da hannunsa ya zare takobi bayan dogarawan sarki sun ƙi. Ke hira ce ta yi daɗi, kowa na kawo nata, kika ji naki ya fi na kowa nauyi tunda ke ganau ce. Aikin ungozoma ya zaunar da ni cikin mata shekara da shekaru, na ga yadda wannan daɗin yake jan mata masu hankali da tsoron Allah. Karin Magana 18:8 ta ce maganar mai tsegumi kamar loma mai daɗi take, santi ke wucewa da ita har can ciki. Sai dai ku biyun kun haɗu a abu guda. Kun zuba abin da ido ya gani a kunnen mutanen da ke cike da tsoro da fushi, kuka bar abin da ido bai gani ba. Mukan ce gani ya kori ji. To, amma gani bai kori tambaya ba. A Joshuwa 22 Isra'ilawa sun ji an gina wani bagade a bakin Urdun, bagaden kuwa yana nan tsaye, har sun taru a Shilo za su fita yaƙi da 'yan'uwansu. Abin da ya hana jini zuba shi ne sun fara aika Finehas da shugabanni goma su je su tambaya me ake nufi da shi. Yaron nan ƙofa da ƙofa kuke, uwarsa kuma kina ganinta safe da yamma. Tambaya ɗaya da ta ishe ki.

Sai ki duba a kan wa maganar ta faɗa, domin kalma ɗaya ba nauyi ɗaya take yi a kan kowa ba. Hausawan Sudan ba jiya suka zo ba. Tun zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa mahajjata ke ratsa ƙasar nan su nufi Sawakin, wasu su tsaya noma don tara guzuri, zaman ya zarce har jikoki. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da jama'arsa gaɓar kogi kusa da Sinnar, garin Mai Wurno na nan da sunansa har yau. Guminsu na cikin audugar Jazira, jihar da Wad Madani take, yana cikin riɗi da dawar Gadarif ɗin nan. Duk da haka kalmar "baƙi" ta ƙi barinsu. Kin san abin da ya faru a jihar Nilul Azraƙ, wajen Damazin da Rusairis, a watan Yulin 2022, lokacin da rikicin ƙasa da sarauta ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu. Mutum fiye da 100 suka mutu cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba kuma fiye da 200 a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. Ina tuna wayoyinmu a lokacin. Kafin labarin gawa ya iso, saƙonni sun riga sun cika Facebook da WhatsApp: waɗannan ba 'yan ƙasa ba ne, a kore su, can kuma ana cewa a tashi a rama. Baki ne ya share wa wuƙa hanya. Saurayi Bahaushe, talaka, wanda ya fito daga garin da ke hannun 'yan bindiga a lokacin, da ma ana masa kallon tuhuma tun bai yi komai ba. A kan irin wannan mutum maganarki ta sauka.

Mu Kirista a ƙasar nan ai mun fi kowa sanin abin da zargi ke yi wa marar gata. Ba mu manta da Maryam Yahya Ibrahim ba, wadda aka yanke wa hukuncin kisa a Khartum a 2014 kan zargin ridda, ta haihu a kurkukun mata na Umdurman kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. An soke dokar ridda a 2020, amma tsoron da ke sa mu auna kowace kalma a gaban jama'a bai tafi ba. Wanda ya san wannan tsoron bai kamata ya zama shi ne zai jefa ɗan wani cikinsa ba.

Yanzu maganar maigidanki. Kada ki raina ta, tsoronsa na gaske ne, shi ne kuma zai tsaya gabanki idan abu ya tashi. Amma ki zauna da shi da dare ku karanta Matiyu 5:23-24 tare. Ubangiji ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya tukuna. Ki lura, wanda ake jin haushinsa ne aka ce ya tashi ya je, kuma aka ce sujadar ma ta jira. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, bai tsaya ga karɓar Yesu a gidansa da murna ba, ya tashi a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa riɓi huɗu. Bayan nan ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. Ke suna kika ɗauka, da abincin bakin mutum biyu. Su za ki mayar.

Za a ce miki magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Haka ne. Amma duk wanda ya zauna a bukkokin ciyawa na Gadarif ya san wanda ya zare bunu har ɗaki ya yi rami, hawa yake yi ya saka sabo kafin damina, ba ya zama a ƙasa yana cewa ai ba ya komawa.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki nemi wata dattijuwa daga cikin mutanensu, wadda uwar ke jin nauyinta, ki gaya mata komai, ki roƙe ta ta yi miki iso. Ku je bayan magariba, lokacin da tsakar gida ta yi sauƙi. Ki durƙusa ki ce, "Inna, ni na faɗa. Na ga abu ban tambaya ba, na cuci ɗanki, na cuce ki. Ki yafe mini don Allah." Ki tsaya nan. Kada "amma" ta biyo baya, kada "in har na ɓata miki". Kada ki ce ai kowa ma yana faɗa, kada ki lissafa mata azumin da kika yi. Mai yiwuwa ta kau da kai, mai yiwuwa ta zazzaga miki abin da ke cikinta. Ki sha. Ita ta kwana tana sauraron motsin ƙofa duk makonnin da ɗanta ba ya nan, ba kuma dole ne ta sauke miki nauyinki a daren farko ba. In ta ce ki tashi, ki tashi da ladabi, gobe ki sake gaishe ta a hanya kamar yadda kika saba.

Kafin ki ɗaga zancen a bainar jama'a, ki nemi izinin yaron ta bakin uwarsa ko dattijuwar. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. A halin da ake ciki tono maganar ba tare da shawara ba na iya jawo masa sabon kamu, shi ne kuma ya san abin da ya faɗa inda aka tsare shi da abin da bai kamata a maimaita ba. In ya yarda, ki koma layin ruwan nan, gaban matan nan, da murya daidai da wadda kika yi ta farko. Abin da aka ɓata a fili ba a gyara shi da raɗa. Ki ce, "Maganar da na yi a kan ɗan wance, ban san bindiga ke kansa ba. Tilasta shi aka yi, har jakinsa suka ƙwace. Na yi masa ba daidai ba, wanda duk na gaya wa ya gaya wa wanda ya gaya wa." Daga nan maigidanki ya je wurin mai unguwa da limaminsu ya maimaita wannan, ya ce kina shirye ki faɗa a ko'ina aka buƙata.

Sannan ruwa. Daga gobe wurinsa za ki riƙa saye, da rana tsaka, karonsa ya tsaya a ƙofarki kowa na gani. Ki gaya wa matan cocinku su ma su saya. In ƙafar tana buƙatar magani, ku nemi hanyar biya ta hannun dattijuwar, don kada ya zama kamar kuɗin toshiyar baki. Mutane sun fi gaskata abin da suka ga kina yi kullum a kan abin da kika faɗa sau ɗaya.

Kada wani mai karatu ya ɗauka ina cewa a rufa wa mai laifi asiri. An yi wa mutanen Jazira ta'asa, akwai kuma waɗanda suka nuna gidajen maƙwabtansu da son ransu. Littafin Firistoci 5:1 ya ɗora laifi a kan shaidan da ya ƙi faɗin abin da ya sani in an nemi shaida. Amma littafin nan dai, a 19:16, ya haɗa yawon baza tsegumi da jefa ran maƙwabci cikin hatsari a aya guda, Maimaitawar Shari'a 19 kuma ta ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba, sai biyu ko uku, alƙalai su yi bincike sosai. Shaida tana da wurinta, gaban wanda zai kira ɗaya ɓangaren ya ji ta bakinsa, kuma mai shaida ya faɗi iyakar abin da ya gani da iyakar inda ganinsa ya tsaya. Layin famfo ba ya kiran kowa ya kare kansa.

Ki rubuto mini bayan kin je. Ina sa ki da yaron da uwarsa cikin addu'a.

Daga wani ɗan'uwa a Bur Sudan

*Mama, ni daga kudancin Gombe nake. Na yi shekaru ina sayar da takalma a kasuwar Suƙ Libya ta Umdurman. Ranar da zan bar gida mahaifiyata ba ta so ba, muka yi sa-in-sa, ta ce, "Je ka, ba za ka ga da kyau ba." Ta rasu ban koma ba. Yaƙi ya zo aka wawashe shagona, yanzu dako nake yi a bakin tashar jiragen ruwa. Wani mai wa'azi da nake saurara a waya ya ce bakin uwa ne ke bina, in shuka iri da kuɗi ya karya mini shi. Mama, bakin uwa ne?*

Ɗana, kada ka aika masa ko fam ɗaya. Kuɗin dako gumi ne. Lokacin da Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, yana nan a Ayyukan Manzanni 8:20. Ubangiji kuma ya ce wa almajiransa kyauta suka samu, kyauta za su bayar. Wanda ya ji ciwonka ya sa masa farashi, ka daina sauraronsa.

Shagonka yaƙi ne ya ci shi. Tun da aka fara harbi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu. Suƙ Libya kasuwa ce ta dubban 'yan kasuwa, an kwashe na mai addu'a da na marar addu'a, har da na waɗanda iyayensu mata ke sa musu albarka a waya kowace safiya. Ka duba masu dakon da ke gefenka, akwai malaman makaranta da ma'aikatan banki a cikinsu. Duka uwayensu ne suka yi musu baki?

Na san yadda muka ɗauki bakin uwa a gida, Kirista da Musulmi da masu bin na gargajiya duka, ban kuma zo in rage wa uwa daraja ba, dokar girmama ta na cikin Dokoki Goma. Amma akwai koyarwar da ta yaɗu a majami'unmu wadda nake ƙi da dukan zuciyata, wai bakin mutum yana halitta kamar na Allah, abin da ka furta sai ya tabbata, abin da aka furta a kanka sai ya kama ka. Suna jingina da Karin Magana 18:21, cewa mutuwa da rai suna hannun harshe. Ayar gaskiya ce, ka ga yadda ta cika a wasiƙar da ke sama: magana ta shiga kunne, kunne ya kai wa zuciya, zuciya ta motsa hannu. Ta wannan hanya harshe ke kashewa, ta ita kuma yake rayarwa. Wanda ya ce "bari haske ya kasance" haske ya kasance, shi kaɗai ne. Balak sarkin Mowab ya ɗauko Bal'amu da lada mai yawa don ya la'anci Isra'ila, mutumin da aka san bakinsa da kamawa, sau uku yana buɗe baki albarka na fitowa, har ya ce ƙaƙa zai la'anci wanda Allah bai la'anta ba. Ka karanta Littafin Ƙidaya 22 zuwa 24. Karin Magana 26:2 kuma ta ce la'anar da ba ta da dalili kamar tsuntsu mai shawagi take, ba ta sauka. Fita neman halali ba laifi ba ne da zai ba ta wurin sauka. In ma akwai wata la'ana da ta cancance ka, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya ɗauke ta a kan itace. Ba a biyan kuɗin abin da aka riga aka biya da jini.

Duk da haka ba zan ce maka maganar ba ta yi maka komai ba. Ta yi. Ina zaton ita ce ta sa ka riƙa jinkirta kiran gida, ita ce ta sa ka ce sai ka tara abin da za ka nuna kafin ka koma, har lokaci ya ƙure. Ita ce yanzu take sa duk asarar da ta zo ka karanta ta kamar hukunci. Wannan ciwo ne na gaske, maganinsa kuma magana ce, daga bakin da ya san ku ku biyu.

Akwai wata uwa a Littafin Mahukunta 17 da aka sace mata azurfa 1,100, ta yi la'ana a kunnen ɗanta Mika. Da ya ce shi ne ya ɗauka, abin da ya fara fita daga bakinta shi ne Ubangiji ya sa wa ɗanta albarka. Gidan nan ba abin koyi ba ne a sauran al'amuransa, gunki suka ƙera da kuɗin, amma halin uwa ya fito sarai a wurin. Na tsaya a kan mata da yawa a ranar da suka fi kowace rana shan wuya, na san abin da tsoro ke fitarwa daga bakin mace, na kuma san abin da take yi da hannunta bayan minti kaɗan. Matar da ba ta so ɗanta ya yi nisa, tsoron rasa shi ne ya yi magana. Ba ni zan gaya maka abin da ke zuciyarta ba, akwai waɗanda suka yi jinyarta. Ka kira ƙanwarta ko yayarka, ka tambaye su kai tsaye, "Bayan na tafi, me Mama take cewa a kaina?" Ka saurara har ƙarshe. Ka faɗa musu naka kason na sa-in-sar, domin kai ma ka ɗaga mata murya, ka kai shi gaban Allah ka bar shi can. Sannan ka roƙi innar taka ta sa maka albarka a madadin 'yar'uwarta, da baki, kana ji. Ka kuma nemi fasto ko dattijon ikilisiya a nan Bur Sudan wanda zai zauna da kai ido da ido, ya san sunanka, ba ya neman komai.

Iyaye mata, ku ba ni kunnenku kaɗan. Ina shiga makarantun da aka sauke mu, iyali goma a aji ɗaya, zafi, yunwa, ba labarin maigida, ina jin abin da ake ce wa yara: ɗan banza, marar amfani, ba za ka yi albarka ba. Na san gajiya ce. Amma ga mutum nan, magidanci, yana ɗaukar buhu a bakin teku da jimla ɗaya a ƙirjinsa shekara da shekaru. Kolosiyawa 3:21 ta ce kada a matsa wa 'ya'ya har su karai. In ta kuɓuce miki da rana, kada yaron ya kwana da ita. Ki kira shi, ki ce ba haka kike nufi ba, ki ɗora masa hannu ki karanta masa albarkar da ke Littafin Ƙidaya 6:24-26 da sunansa a ciki.

Daga wata 'yar'uwa a Kasala

*Mama, maƙwabciyata Bahaushiya, Musulma, ta rasa 'yarta budurwa da cutar kwalara. Muna mutunci sosai, amma na kasa shiga gaisuwa don ban san abin da Kirista zai ce a zaman makokin Musulmi ba. Ina tsoron in faɗi abin da zai ƙara mata ciwo.*

'Yata, ki yafa mayafinki ki shiga yau. Rashin ganinki ma magana ce, kuma tana jinta.

Abin faɗa kaɗan ne, kin kuma san shi tun daga gida: "Sannu, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana." In sun ɗaga hannu suna Fatiha, ki natsu cikin girmamawa ki yi taki addu'ar a zuci. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka fara bayanin dalilin wahalarsa ne ya kira su masu ta'aziyyar ban takaici, a ƙarshe Allah da kansa ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba. Yesu a kabarin Li'azaru ya san abin da zai yi, amma ya yi kuka tare da masu kuka.

Da aka ayyana ɓarkewar kwalara a watan Agustan 2024, Kasala da Gadarif na cikin inda ta fi yin ɓarna a lokacin, na kuma shiga gidajen makoki da yawa. Kalmar da ta fi yanka uwa ita ce "da". Da kun kai ta asibiti da wuri, da kun tafasa ruwan, da ba ta ci abin waje ba. Ita ma tana faɗa wa kanta wannan dare da rana, ba ta buƙatar mai taya ta. Zancen ruwan gishiri da sukari da sinadarin tsabtace ruwa yana da ranarsa, don sauran yaran gidan, in ta ɗan dawo hayyacinta, ke da ita kaɗai. Kada ki ce ai tana da wasu 'ya'yan. Kada kuma ki mai da tabarmar makoki wurin wa'azi ko gardamar addini.

In kin samu zama kusa da ita, ki ba ta wani abu na yarinyar da ke kaɗai kika sani, ranar da ta taya ki ɗaukar ruwa, ko yadda take gaishe ki da safe, ki kira sunanta. Mutane kan guji sunan mamaci don kada uwa ta yi kuka, alhali tana marmarin ta ji wani ya ambace shi. Ki tafi da sukari da ganyen shayi kamar yadda ake yi a nan, ki shiga cikin masu wanke kofuna. Bayan kwana uku za a kwance rumfa, dangi su watse. Ki koma a mako na biyu da na uku, da hantsi, lokacin da gidan ba kowa.

Ɗan'uwan da ya rubuto daga Sinnar kan rantsuwa a kasuwa, da 'yar'uwar da ta tambaya game da miji mai baƙar magana, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a wata mai zuwa in Ubangiji ya yarda.